Oldham: garin da ba ya noma auduga amma ya kaɗa wa duniya zare

A shekarar 1911 mazarin kaɗin auduga na inji da ke duk faɗin duniya ya kai wajen miliyan 143 da rabi, Birtaniya na da miliyan 58 a ciki, toh daga cikin wannan 58 ɗin miliyan 16.4 duk a gari ɗaya suke da 'yan garuruwan da ke manne da shi, wato Oldham a arewa maso yammacin Ingila. Ka lissafa ka gani, duk mazari tara a duniya ɗaya na can. Kuma abin da zai ɗaure maka kai shi ne garin nan ba a noma auduga a cikinsa, ba ma a duk Ingila ba dan sanyi ba zai bari ba, ba shi da babban kogi, ba shi da tashar jirgin ruwa, ƙasarsa ma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Ni a ganina duk labarin Oldham, hawansa da faɗuwarsa, yana cikin wannan rashin ne, sabida kayan aikinsa daga wata nahiya suke zuwa, masu sayen kayansa suna wata nahiyar daban, shi dai nasa a tsakiya aiki ne kawai.

Bari mu fara da inda garin yake. Daga tsakiyar Manchester in ka miƙa arewa maso gabas wajen kilomita 11 za ka ga hanya ta fara hawa, toh ka doshi tsaunukan Pennine kenan waɗanda suka raba arewacin Ingila biyu, Lancashire ta yamma Yorkshire ta gabas. Oldham na zaune a kan wani tudu a gindin tsaunukan, sama da mita 200 daga doron teku, tsakanin wasu ƙananan rafuka biyu Irk da Medlock. Ƙasar wajen ba ta da albarka, ga sanyi ga ruwan sama kusan kullum, alkama ba ta yi sosai, dan haka mutanen da sai kiwon tumaki, su kaɗa ulu su saƙa a gida, wasu kuma suna yin huluna. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 ba wani gari ba ne, 'yan ƙauyuka ne warwatse a kan hanyar Manchester zuwa Yorkshire.

Da aka fara masana'antun auduga a Ingila da ƙarfin ruwa ake juya inji, wato sai ka samu kogi mai gudu ka kafa ginin a bakinsa. A wannan zagayen Oldham bai samu komai ba sosai, an dai ce wani William Clegg ya buɗe ta farko a Lees Hall wajen 1778 wasu suka biyo baya, amma ƙanana ne. Ko magudanar jiragen kaya da aka haƙa, ta Rochdale, ta gefe ta bi, ta Chadderton da Failsworth, dan ruwa ba ya hawa tudu. Jirgin ƙasa ma da ya zo a 1842 hawan Werneth ya yi masa tsayi har sai da aka riƙa jansa da igiya da farko. Abin da ya juya lamarin shi ne injin tururi. Daga ranar da ya zama kwal kake buƙata ba kogi ba, sai garin da aka raina ya wayi gari yana zaune a kan dukiya, dan ƙarƙashin tudun nan kwal ne kwance kuma bai yi nisa da sama ba. Ruwan da injin ke sha kuwa ba sai kogi ba, kowace masana'anta sai ta haƙa tafkinta a gefe ta tara ruwan sama da na rafi tana juya shi. Fili kuma ya fi na Manchester araha nesa ba kusa ba. A 1801 mutanen garin wajen 12,000 ne, zuwa 1901 sun kai 137,000.

Akwai maganar da ake yawan yi wai danshin iskar Lancashire ne sirrin, sabida zaren auduga in iska ta bushe tsinkewa yake. Gaskiya ne yana taimakawa, duk wadda ta taɓa kaɗi da hunturu ta san haka. Amma ni ban yarda shi ne babban dalili ba, dan wurare masu danshi sun yi yawa a Birtaniya kuma ba su zama Oldham ba, daga baya ma an koyi sa wa ɗakin aiki danshi da tururi. Abin da ya fi danshi muhimmanci shi ne maƙwabta. Liverpool ke karɓar dilolin auduga daga jirgin ruwa, Manchester ke da kasuwar da dillalai da bankuna da masu fitar da kaya, garuruwan arewa irin Blackburn da Burnley su ne masu saƙa, na kudu su ne masu kaɗi, a cikin masu kaɗin ma an raba, Bolton ta riƙe siririn zare na audugar Masar mai dogon gashi, Oldham ya riƙe matsakaici da mai kauri na audugar Amurka, wanda da shi ake saƙa yadi mai araha irin su akoko da talakan Indiya da Sin da Afirka ke saye. Duk waɗannan garuruwan tafiyar 'yan sa'o'i ce a jirgin ƙasa. Mai masana'anta a Oldham ba ruwansa da ajiye audugar wata shida ko neman mai saye a Kalkata, ya sayi ta wannan makon, ya kaɗa, ya kai samfur kasuwar Manchester ya sayar, shi kenan. Wannan ya sa kuɗin kafa sana'ar ya yi sauƙi, amma kuma shi ya sa bai san komai ba sai abu ɗaya tak.

Gargaɗin farko ya zo a 1861. Kafin lokacin fiye da kashi uku cikin huɗu na audugar da Birtaniya ke kaɗawa daga kudancin Amurka take zuwa, kuma kar a ɓoye, bayi baƙar fata ne ke nomanta da bulala a bayansu, arzikin Lancashire na wancan zamanin da guminsu aka gina shi. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke aka toshe tashoshin kudu, auduga ta yanke, masana'antu suka tsaya, dubban mutane suka koma cin tallafi har zuwa 1865. Babban wurin shaƙatawa na garin, Alexandra Park, ma'aikatan da suka rasa aiki ne aka ba su kwangilar gina shi dan su samu na abinci, a 1865 aka buɗe. Oldham ya ɗan fi wasu jurewa dan ya gyara injinansa suka karɓi audugar Indiya mai gajeren gashi wadda ma'aikata suka tsana sabida yawan tsinkewa. Amma yaƙi na ƙarewa aka koma ga Amurka kaman ba abin da ya faru.

Wajen da na fi so a tsaya a duba shi ne yadda aka tara jarin, dan nan ne Oldham ya bambanta da sauran. A yawancin garuruwan Lancashire masana'anta ta gida ɗaya ce, uba ya bar wa ɗa. A Oldham kuwa bayan dokokin 1855 da 1856 da 1862 sun sauƙaƙa kafa kamfanin hannun jari wanda in ya karye ba za a bi ka har gida ba sai iya abin da ka ɗauka, sai ƙananan mutane suka shigo. Sun Mill da ke Chadderton, wadda aka kafa kamfaninta a 1858, 'yan ƙungiyar gama kai ne suka haɗa ta, ma'aikata da masu ƙananan shaguna, tunanin kuwa daga Rochdale ya tsallako inda aka fara irin wannan ƙungiyar a 1844. Da aka ga tana raba riba sai abin ya zama yayi, tsakanin 1873 da 1875 kamfanoni wajen saba'in aka kafa. Hannun jari ɗaya fam biyar ne, kuma ba lallai ka biya duka ba, ka ba da wani abu sauran sai ranar da kamfani ya nema. Ban da wannan, masana'antun suna karɓar ajiyar kuɗi daga jama'a suna ba su kuɗin ruwa tamkar banki. A mashaya ake cinikin hannun jari da daddare, duk bayan wata uku a buga sakamakon kowane kamfani a jarida, manajan da bai kawo riba ba a taron masu jari za a tsige shi a gabansa. Mutanen garin dama sun saba da tari, suna da ƙungiyoyin zubi kaman adashi da suke kwashewa sau ɗaya a shekara lokacin hutun mako guda da duk masana'antu ke rufewa, gari ya watse zuwa bakin teku a Blackpool.

Kar dai a ɗauka ma'aikata ne suka mallaki komai, a'a, da tafiya ta yi nisa jarin ya tattaru a hannun 'yan tsiraru, daraktoci da masu gine-gine da masu sayar da inji da dillalan auduga, sai ka ga mutum ɗaya a kujerar kamfanoni da yawa. Kuma tsarin yana da wani ciwo, duk ribar da aka samu rabawa ake yi nan take, ba a ajiye na sabunta inji. Amma a lokacin ya yi aiki, manyan gine-ginen jan bulo masu hawa huɗu biyar shida suka cika ko'ina, kowanne da hasumiya da sunansa a jiki, Nile, Cairo, Durban, Fox, Ram, dangin Stott ne suka zana da yawa daga ciki. A ƙololuwa an kai masana'anta sama da 360.

Sai kuma Platt Brothers, kamfanin ƙera injinan kaɗi da saƙa da ya faro daga wani maƙeri Henry Platt a Dobcross a 1770. Zuwa shekarun 1890 ma'aikatansa sun kai wajen 15,000 kuma ba kamarsa a duniya. Samunsa a cikin gari ba ƙaramar gata ba ce, inji ya lalace da safe kafin azahar an kawo gyara. Sai dai Platt ɗan kasuwa ne, duk wanda ya zo da kuɗi zai sayar masa, ya sayar wa Rasha, ya sayar wa Indiya, ya sayar wa Japan, ya tura injiniyoyi suka kafa musu suka koya musu. Wato masana'antun Bombay da Osaka da suka zo suka ƙwace kasuwar, da yawansu da injin Oldham suka fara. Wani abin mamaki ma, a 1929 Platt ne ya biya fam 100,000 ya sayi haƙƙin injin saƙa mai sarrafa kansa na gidan Toyoda na Japan, kuma labarin da ake bayarwa shi ne kuɗin ya taimaka wajen fara gwajin ƙera mota da ya zama Toyota. Cikin shekara hamsin ɗalibi ya koma yana sayar wa malami fasaha.

Rayuwar cikin masana'antar fa ba daɗi. Zafi, ƙara har sai ka koyi karanta leɓe, masu kaɗi ba takalmi suke aiki dan daɓen katako ya jiƙe da mai, ƙurar auduga a ɗakin shata tana cin huhu a hankali, man da ake sa wa mazari kuma ya jawo wa maza da yawa ciwon daji na fata. Yara rabin yini makaranta rabin yini aiki, sai bayan dokar ilimi ta 1918 aka kashe wannan tsarin. Annie Kenney, ɗaya daga cikin matan da suka yi gwagwarmayar samar wa mata ƙuri'a, 'yar Springhead ce a gefen Oldham, tana shekara goma ta fara aikin kuma a can ta rasa yatsa. Amma albashin gida in an haɗa na uba da 'ya'ya mata da samari ya fi na yawancin leburorin Ingila, shi ya sa mutane suka yi ta kwarara.

Toh ga inda labarin ya taɓo mu. Farkon ƙarni na 20 tsoron 1861 ya dawo, Amurka ta ƙara yawan audugar da take kaɗawa da kanta, ƙwaro na cin gonakin kudu, 'yan kasuwa na wasa da farashi har masana'antun Lancashire suna rage kwanakin aiki. A taron ƙungiyar 'yan kasuwar Oldham a 1901 aka tayar da maganar me zai hana a noma auduga a ƙasashen da Birtaniya ke mulka, daga nan aka kafa BCGA, ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, a Manchester a 1902 ƙarƙashin Alfred Jones mai jiragen ruwa na Liverpool. Idonsu ya faɗa kan Arewacin Najeriya, ƙasar da dama ta shahara da noman auduga da saƙa da rini tun kafin zuwansu. Winston Churchill, wanda Oldham ce mazaɓar da ta fara kai shi majalisa a 1900, shi ne ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka lokacin da aka amince da layin dogo na Baro zuwa Kano a 1907, kuma auduga na cikin manyan hujjojin da aka kafa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka kafa injin gurza a Zariya, daga baya Funtuwa da Gusau da sauransu. Sai lissafi ya ƙi. BCGA na ba da kwabo ɗaya kan kowace laba, masu kaɗi da masaƙan gida na biyan abin da ya fi haka, manomi kuma ba wawa ba ne, ya ga gyaɗa ta fi kawo kuɗin haraji kuma in farashi ya faɗi ana iya cinta. Jirgin da aka shimfiɗa wa hanya dan auduga sai ya ɓige da jigilar gyaɗa. Auduga ta samu gindin zama daga baya a kudancin Katsina da Zariya da yankin Gusau, amma ba ta taɓa kusantar abin da Lancashire ta yi mafarki ba.

Shekarar 1913 ita ce ƙololuwa, Birtaniya ta fitar da yadi wajen biliyan 7, fiye da kashi ɗaya cikin uku Indiya ya tafi. Yaƙin duniya na farko ya tare jiragen ruwa, masu saye suka koma wa masana'antun gida da na Japan, kuma ba su dawo ba. Amma ba wannan ne ya fi yi wa Oldham illa ba, abin da ya faru a 1919 da 1920 ne. Da aka gama yaƙi duniya na ƙishin yadi, riba ta yi tashin gwauron zabo na ɗan lokaci, sai 'yan kasuwar hannun jari suka riƙa sayen masana'antu a ninkin kuɗinsu da bashin banki, su sake kafa kamfanin su sayar wa jama'a sabon jari wanda ba a biya duka ba. Kafin 1921 kasuwa ta rushe. Ka tuna sauran kuɗin nan da aka ce sai ranar da kamfani ya nema? Toh ranar ta zo. Bankuna suka matsa wa kamfanoni, kamfanoni suka aika wa masu jari takardar a kawo ciko, mutumin da aka rage masa kwanakin aiki shi ne kuma ake bi bashin jarin da ba ya kawo sisi, ajiyar da ya yi a masana'antar ma ta maƙale. Tsarin da ya gina garin shi ya kwashe tarin iyalai da yawa. Elk Mill da aka gama a Royton wajen 1928 ita ce ta ƙarshe da aka gina. A 1929 Babban Bankin Ingila ya sa aka kafa Lancashire Cotton Corporation dan ta haɗiye kamfanonin da suka durƙushe ta rufe na rufewa. Ga harajin shigo da kaya a Indiya, ga ƙaurace wa yadin Birtaniya da su Gandhi suka yi, wanda har garin Darwen na Lancashire ya zo a 1931 ya gana da ma'aikata, zuwa 1933 Japan ta wuce Birtaniya a fitar da yadin auduga.

Wasu na cewa taurin kai ne, wai sun ƙi barin tsohon injin kaɗi na Crompton su koma sabon mai zobe da mata ke iya kulawa da shi a araha. Akwai ƙamshin gaskiya, amma kamfanin da bashi ya shaƙe da me zai sayi sabon inji? Kuma ko ya saya, ba zai iya gasa da albashin Osaka ko Bombay a kan zare mai kauri ba, wanda shi ne mafi sauƙin koya, shi ya sa Oldham ya riga Bolton jin jiki. Zuwa 1958 Birtaniya ta koma tana shigo da yadin auduga fiye da wanda take fitarwa, dokar 1959 kuma gwamnati ce ke biyan masu masana'antu su farfasa injinansu. Wasu kamfanonin Lancashire suka bi kasuwa zuwa inda take, misali David Whitehead na Rawtenstall da ya haɗa hannu da gwamnatin Arewa aka buɗe masaƙar Kaduna, KTL, a 1957.

Waɗanda suka rage a Oldham sai suka ga mafita ɗaya ce, inji ya yi aiki dare da rana. Doka ta hana mata aikin dare, 'yan gari kuma sun fara gudu zuwa ayyukan da suka fi tsabta irin na Ferranti a Hollinwood da na ƙera jirgin sama a Chadderton, sai aka ɗauko maza daga Pakistan, musamman Mirpur, da Sylhet ta Bangaladash ta yanzu. Suka sayi tsofaffin gidajen ma'aikata masu araha a Glodwick da Westwood da Coldhurst, suka kawo iyali, suka gina masallatai. Matsalar ita ce an kawo su sana'ar da ke gargara. Platt ya rufe a Oldham a 1982, Elk Mill ta yi kaɗin ƙarshe a 1998 aka rushe ta aka yi rukunin shaguna a wajen. Masana'anta ce kaɗai inda Bature da ɗan Asiya ke haɗuwa ko da a bakin ƙofa ne lokacin canjin aiki, da ta tafi sai kowa ya koma unguwarsa, makarantu ma suka rabu bisa unguwa, talauci iri ɗaya amma kowane ɓangare na ganin ɗayan ake fifitawa. A ƙarshen watan Mayu 2001 rikici ya ɓarke a Glodwick aka kwana uku ana artabu da 'yan sanda, Burnley da Bradford suka biyo baya a wannan bazarar, a zaɓen watan Yuni kuma jam'iyyar wariyar launi ta BNP ta samu kashi 16 a ɗaya daga mazaɓun garin. Rahotannin da aka rubuta bayan nan duk sun tsaya a kan cewa al'ummomin na zaune kusa da juna amma rayuwarsu ba ta haɗuwa.

Tun 1974 Oldham ya fita daga Lancashire a tsarin mulki ya shiga Greater Manchester, aka haɗa masa Chadderton da Royton da Shaw da Failsworth da Lees har da Saddleworth wadda da Yorkshire ce kuma har gobe wasu mutanenta ba su haƙura ba. Jimillar jama'a a ƙidayar 2021 wajen 242,000 ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu Musulmi. A asibitin garin aka haifi jaririyar farko ta hanyar dashen ƙwai a duniya a watan Yuli 1978, masu kallon ƙwallo kuma sun san Oldham Athletic da tana cikin waɗanda aka fara Firimiya da su a 1992, zuwa 2022 ta faɗo har ƙasa da rukuni na huɗu. A 2016 wani binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya sa Oldham a matsayin garin da ya fi kowanne fama da rashi a Ingila.

Yanzun abin da garin ke ci daga wurin zamansa shi ne manyan tituna M60 da M62 da suka bi ta gefensa, shi ya sa masana'antun da ba a rushe ba da yawa suka koma sito na kamfanonin aika kaya gida, aiki akwai amma albashi ƙasa. Jirgin taragon cikin gari ya iso daga Manchester a 2012 ya ratsa tsakiyar gari a 2014, wanda ya sauƙaƙa wa matasa neman aiki a birni amma kuma ya sauƙaƙa wa masu sayayya barin kasuwar garin. Sauran gine-ginen kuma sun zama rigima, a tsakiyar Manchester irin su ake mayarwa gidajen haya masu tsada, a Oldham kuwa kuɗin gyara ya fi abin da gidan zai kawo in an sayar, dan haka mai gini sai ya bar shi haka nan yana jiran ko dai tallafin gwamnati ko izinin rushewa, kuma wanda aka sa cikin jerin kayan tarihi izinin ma ba ya samuwa da sauƙi.